TSAKANIN ROWA DA ALMUBAZZARANCI: DARASI DAGA RUMBUN GERO

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzurta bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata gardama da aka kawo gabana a nan Dandin Mahe bayan sallar La'asar. Wasu mutum biyu ne, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suka noma gonar gado tare, da kaka ta yi suka raba amfani. Wan ya ɗauki rabonsa na gero ya jera a rumbu ya rufe. Ƙanen kuwa sai ya sussuke nasa, ya kai mafi yawansa kasuwa, ya sayi babur, sauran kuɗin ya yi hidimar sunan ɗansa da su, aka ci aka sha har kwana biyu. Tun daga ranar ba su ƙara shan fura a ƙwarya ɗaya ba. Wan yana cewa ƙanensa almubazzari ne, ɗan'uwan Shaiɗan. Ƙanen yana cewa wansa marowaci ne, ba shi da tawakkali, ya manta likkafani ba shi da aljihu. Kowannensu ya zo da hujjarsa ta addini yana so in ba shi gaskiya.

Na ga wannan magana ba ta su biyu kaɗai ba ce, domin kusan kowane gida akwai mai hannun saki da mai hannun riƙo, kuma sau da yawa miji da mata ne, ko uba da ɗa. Saboda haka na ga ya kamata mu zauna mu duba abin da Musulunci ya koyar.

MA'ANAR KALMOMI

Kafin hukunci sai an san sunan abu. Larabci ya rarrabe waɗannan halaye da kalmomi daban-daban, mu kuwa mukan cakuɗa su wuri ɗaya.

Israfi shi ne wuce iyaka cikin abin da asalinsa halal ne, kamar mai iyali goma ya sa a dafa abincin mutum talatin, a wayi gari a zubar. Tabziri kuwa shi ne sa dukiya inda ba ta dace ba, ko da kwabo ɗaya ne, kamar caca da giya da liƙi don a gani. Kalmar ta fito ne daga asalin da ke nufin watsa iri, watau mai yin haka kamar manomi ne da ya ɗebi irinsa ya watsa bisa dutse. Daga nan muka sami kalmar almubazzari. Bukhlu shi ne rowa, hana haƙƙin da ya wajaba a kan dukiya. Shuhhu ya fi rowa muni, don shi rowa ce haɗe da kwaɗayin abin hannun wani. Iddikhari shi ne tanadi, ajiye abin yau domin buƙatar gobe. Kanzu shi ne dukiyar da aka tara aka hana mata zakka. Ihtikari shi ne saye abinci daga kasuwa a ɓoye shi har ya yi tsada mutane su wahala. Sa'an nan akwai iƙtisadi, wanda asalinsa bin tsakiyar hanya ne, kuma da wannan kalma ce Larabawan yau suke kiran abin da muke ce wa tattalin arziki.

To, in muka lura, cikin kalmomin nan takwas guda shida abin zargi ne, biyu kaɗai ne abin yabo, watau tanadi da tsakaitawa. Cikin shidan nan, biyu laifin mai kashewa ne, huɗu laifin mai riƙewa. Ashe kowane ɓangare yana da ramin da zai iya faɗawa.

Alƙur'ani mai girma ya shata mana iyaka a wurare da yawa. A Suratul Furƙani, aya ta 67, Allah Ya yabi bayinSa na ƙwarai da cewa wajen ciyarwa ba su wuce iyaka, ba su kuma ƙuntatawa, suna tsayawa tsakanin biyun. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya yi umurni da ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu, Ya hana almubazzaranci, Ya danganta masu yinsa da shaiɗanu. A aya ta 29 ta wannan sura kuma Ya hana ƙulle hannu gaba ɗaya, Ya hana sake shi gaba ɗaya, Ya nuna ƙarshen mai yin haka zargi ne da nadama.

HUJJAR MAI TANADI

Mafi bayyanar hujja a kan tanadi ita ce ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Sa'ad da ya fassara mafarkin Sarkin Masar, daga aya ta 47 zuwa ta 49 ta surarsa, ya shawarci mutane su yi noma shekara bakwai a jere, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, domin shekara bakwai masu tsanani suna tafe. Duk manomin ƙasar Sakkwato ya san hikimar wannan shawara ko da bai taɓa buɗe tafsiri ba. Geron da aka ɗaure damma aka jera a rumbu da zangarniyarsa yakan shekara biyu ko uku lafiya, amma wanda aka sussuke aka zuba a buhu ƙwari ba su jinkirta masa. Har ila yau, dami yana da wuyar ɗauka zuwa kasuwa, sai an sauke an sussuka an sheƙe, kafin nan zuciya ta huce, mutum ya sake shawara. Buhu kuwa ɗauka ɗaya ne.

Annabinmu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne shugaban masu tawakkali, amma Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara daga dabinon gonakin Banu Nadir. Sa'ad da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo a Makka ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Annabi ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ka'abu ɗan Malik, da aka karɓi tubarsa bayan yaƙin Tabuka, ya so ya ba da dukiyarsa duka sadaka don murna, aka umurce shi ya riƙe wani sashe. Haka nan Tirmizi ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure, sa'an nan ya dogara.

Watakila wani ya ce, ai Sayyidina Abubakar ya kawo dukiyarsa duka, Sayyidina Umar ya kawo rabi, an kuwa karɓa. Gaskiya ne. Amma malamai sun bayyana cewa wannan matsayi ne na wanda zuciyarsa da ta iyalinsa za su jure rashi ba tare da ƙorafi ko roƙo ba. Sa'an nan Abubakar don ɗaukaka addini ya bayar. Wanda ya ƙarar da geronsa wajen kiɗa da anko, kada ya jingina kansa da Abubakar.

ABIN DA TARIHINMU YA NUNA

Ba sai mun je Masar ba, mu ma mun ga shekarun wadata da na tsanani suna bin juna. Dattawa suna ba da labarin farin 1973 da 1974, yadda ruwa ya ɗauke a arewacin Nijeriya da Nijar, shuka ta bushe a tsaye, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Gidajen da suka tsaya da ƙafarsu a wannan lokaci su ne masu tsohon gero a rumbu, kuma da yawansu sun ciyar da maƙwabta.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne kuɗin man fetur suka fara kwararowa cikin ƙasa. A zamanin Janar Yakubu Gowon, kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, aka biya ma'aikata a farkon 1975, har da bashin watannin baya a dunƙule. Mutanen da ba su taɓa riƙe irin waɗannan kuɗi ba suka dira kasuwa, mai sayen babur na saye, mai sayen rediyo na saye, mai ƙarin aure na yi. 'Yan kasuwa suka ɗaga farashi, tsadar kaya a wannan shekara ta haura kashi 30 cikin ɗari, ƙarin ya narke. Manomi kuwa, wanda ba a ƙara masa komai ba, shi ma ya sha tsadar. Cikin ma'aikatan nan, waɗanda suka sayi fili ko gona ko suka gina ɗaki, 'ya'yansu suna cin moriya har yau. Baburan kuwa tuni suka koma hannun maƙera.

Ba a daɗe ba farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki namu, ta fito da dokar tsuke bakin aljihu, aka rage shigo da kaya daga waje. A 1984, ina yaro, na ga manya suna bin layi don sabulu da madara da sukari, ga kuma fari ya sake dawowa. Ƙasa da gida duka hukuncinsu ɗaya ne, wanda ya ci shekarun wadata bai ajiye ba, shekarun tsanani za su ci shi. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

A ƙauyukanmu kuwa wannan abu yana faruwa kowace shekara a ƙaramin ma'auni. Da kaka hatsi yana araha domin kowa ya kawo kasuwa, kuma a lokacin ne ake bukukuwa. Da damina ta tsaya, rumbu ya zama fanko, sai manomi ya koma ya sayi geron da ya sayar da tsadar da ta fi ta da. In ba shi da kuɗi sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Ta haka gonarsa takan sha ciyawa, amfanin baɗi ya ragu, bashi ya haifi bashi. Musulunci bai ɗauki bashi abin wasa ba, domin Bukhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mai bashi, Annabi ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

HUJJAR MAI CIYARWA

To, kada mai rumbu ya yi murna da wuri, domin gargaɗin da aka yi masa ya fi tsanani. A Suratut Tauba, aya ta 34 da ta 35, an yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu tara zinariya da azurfa ba su ciyar da su don Allah. Sahabi Abu Zarri ya ɗauki wannan aya da faɗi ƙwarai, har yana ganin tara abin da ya wuce buƙata laifi ne. Amma mafi yawan sahabbai da malamai sun tafi a kan fassarar Abdullahi ɗan Umar, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa dukiyar da ake nufi ita ce wadda ba a fitar mata da zakka ba. Saboda haka sharaɗin farko na tanadi shi ne zakka.

Ga manomi, in hatsinsa ya kai wusuƙi 5, watau sa'i 300, kowane sa'i mudun Annabi 4, sai ya fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da shi, ko ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Sau ɗaya ake fitarwa, lokacin girbi, ko da hatsin zai shekara uku a rumbu. Kuɗi kuwa, in sun kai ƙimar dinari 20, watau wajen giram 85 na zinariya, ko dirhami 200 na azurfa, suka kuma shekara a hannu, ana fitar da ɗaya cikin arba'in kowace shekara.

Sharaɗi na biyu shi ne ciyar da iyali gwargwadon hali. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, aka yi mata izini ta ɗauki abin da zai wadace su bisa al'ada. Muslim ya ruwaito cewa cikin dinaran da mutum ke ciyarwa, wanda ya ciyar ga iyalinsa ya fi lada. Mutumin da rumbunsa ke cike, 'ya'yansa suna kwana da yunwa, ko matarsa tana ciwo ya hana kuɗin magani, ko ya cire yaro daga makaranta don kuɗin littafi, wannan rowa yake yi, ko da ya sa mata suna tanadi.

Sharaɗi na uku shi ne kada ajiyarsa ta cuci jama'a. Malaman Malikiyya sun bambanta manomin da ya ajiye abin da ya noma da ɗan kasuwar da ya kwashe hatsin kasuwa ya kulle don ya yi tsada. Na farko ba shi da laifi, na biyu shi ne hadisin Muslim ya kira mai saɓo. Duk da haka, in yunwa ta tsananta har rayuka suka shiga haɗari, hukuma tana da ikon tilasta wa mai rarar abinci ya sayar da farashin da ya dace.

Magabatanmu na wannan ƙasa sun haɗa neman halal da gudun duniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna shekaru a Sifawa, nan kusa da mu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. An ruwaito cewa Shehu, duk da mulki ya zo hannun jama'arsa, tufafinsa kaɗan ne, yana kuma tufka igiya don ya ci daga aikin hannunsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen sana'a da neman abin kai, yana kwaɗaitar da mutane su yi aiki kada su zama nauyi a kan wasu. Mai ƙarancin buƙata irin wannan shi ne ke samun rarar da zai ajiye da wadda zai bayar.

INA ZA A AJIYE?

Akwai wata matsala da kakanninmu ba su sani ba sosai, ita ce lalacewar kuɗin takarda. An fara amfani da naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 2024 sai da aka ba da fiye da naira 1,500 kafin a sami dala ɗaya, tsadar kaya kuma ta sake haura kashi 30 cikin ɗari bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Wanda ya binne kuɗi a tukunya, gara da ba a gani tana cinsu dare da rana. Ga kuma canjin kuɗi, kamar na Afrilun 1984 da aka ba da 'yan kwanaki kaɗan, da na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, inda masu ɓoyon kuɗi a gida suka shiga ruɗani.

Saboda haka mai hankali yakan rarraba ajiyarsa. Abincin shekara a rumbu shi ne farko. Bayansa sai tunkiya ko akuya, wadda mata suka fi mu sanin amfaninta, ko da yake ɓarayin dabbobi sun sa ba a tara dukiya duka a garke. Adashe halal ne a wurin malamai da yawa, muddin kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba ba ƙari, kuma uwar adashe mai amana ce. Ga mai gudun riba, akwai bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019. Hukumar alhazai ta ƙasa ma ta buɗe shirin tara kuɗin Hajji sannu a hankali a 2020, irin wanda mutanen Malesiya suka fara tun 1963. Kada mai ƙaramin ƙarfi ya ce ba shi da abin ajiyewa, da yayyafi kogi kan cika.

HUKUNCIN 'YAN'UWAN NAN BIYU

Na tambayi wan ko ya fitar da zakka, ya ce ya fitar tun a gona. Na tambaye shi awon gidansa, sai ya sunkuyar da kai, ashe ya rage wa iyali mudu don rumbu ya kai baɗi, alhali yana da rara. Na ce masa tanadinsa sunna ne, amma rage awon nan rowa ce, ya mayar, ya kuma sani in damina ta yi tsanani ƙanensa yana da haƙƙin zumunci a cikin rumbun nan.

Na tambayi ƙanen abin da yake yi da babur, ya ce kabu-kabu yake yi da rani. Na ce wannan jari ne, ba almubazzaranci ba, wansa ya janye kalmarsa a kan wannan. Amma hidimar suna ta kwana biyu ta wuce iyaka. A mazhabarmu abin da ake so shi ne dabba ɗaya ranar bakwai, namiji ne ko mace aka haifa, malamanmu ma sun karhanta mayar da ita walimar da ake tara jama'a. Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya zama cikin manyan attajiran sahabbai, da ya yi aure an umurce shi da walima ko da da akuya ɗaya ce. Na shawarce shi ya riƙa cire wani abu daga kuɗin babur kullum yana sayen gero tun yana araha, har ya mayar da abincin damina. Suka yi musafaha suka tashi.

Tsarin da nake ba kowa shawara shi ne, in dukiya ta shigo a fara da haƙƙin Allah, sai abincin iyali da suturarsu da maganinsu da karatunsu, sai biyan bashi, sai tanadin shekara, sai sadaka da zumunci, sa'an nan jin daɗi na halal da abin da ya saura. Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa a kan dukiyarsa tambaya biyu, ina ya same ta, kuma ina ya sa ta. Mai riƙo da mai saki duka za su amsa.

Allah Ya tsare mu daga rowa da almubazzaranci, Ya sa albarka cikin abin da Ya ba mu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin cin bashi a kan amfanin gona kafin girbi.